Ɗan Mma Ya Karanta Ƙasa

Da na dawo Sokodé da takardar digirina, abin da ya fara ba ni wahala shi ne faɗin abin da na karanta. A jami'a sunansa jewografi. A gida bakin kowa ya kasa kama shi, sai na fassara wa Mma, mahaifiyata, na ce ilimin ƙasa ne: duwatsu, koguna, ruwan sama, taswira. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da tankaɗe.

Malamanmu sun cika mana kunne cewa duniya na jiranmu. Wai mu za mu tsara birane, mu auna filaye, ofisoshi su riƙa rububinmu. Ni dai bencin ƙofar gidanmu kaɗai na tarar yana jirana. Na zauna jarrabawar ɗaukar ma'aikata, sunana bai fito ba. Wata makarantar kuɗi a unguwarmu ta nemi malami, na ce Allah ya kiyaye, mai digiri guda ba zai ƙare da alli a hannu ba.

Ana haka sai matan unguwa suka fara gaishe ni da rusunawa. Wata ma ta raɗa mini cewa akuyarta ta ɓace. Don ta ƙyale ni na ce ta duba bakin rafi, sai kuwa ta same ta a can. Daga ranar ban sake sayen koko ba, aiko mini ake yi. Ni da wautata na ɗauka boko ake girmamawa, har tafiyata ta sauya.

Akwai yarinyar da nake so kamar raina, 'yar garin Dapaong can arewa, tana koyon ɗinki wajen gwaggonta a unguwarmu. Babanta Alhaji ne, dillalin shanu. Tun kafin manya su shiga maganar ya aiko wai yana son ganina. Na goge riga, na sa takardata a leda, na hau mota ina jin sunana ya kai arewa.

Alhaji ya karɓe ni da nama da fura. Da muka gama ya sallami mutanen zaure, ya jawo faranti cike da yashi ya ajiye a gabana.

"Gwaggon yarinya ya ce ka karanta ƙasa," in ji shi. "Bijimaina sun ɓace a hanyar kasuwar Tandjouaré. Duba mini."

Nan take na gane kokon, na gane akuyar. Ashe duk unguwa mai bugun ƙasa suka ɗauke ni! Wallahi sai da yatsana ya motsa, don na ga zane kaɗan a yashi zai iya ba ni mata. Amma ban san ko ta ina ake farawa ba. Na zaro takardata na shiga bayanin taswira da damina.

Ya saurare ni har ƙarshe. "To a wane biro, wane ofis kake aiki?"

"Ba ko ɗaya tukuna, Baba."

Ya ture farantin gefe. "Da ma bugun ƙasar ne, da na san yarinya ba zai kwana da yunwa ba. Mai duba yana da masu zuwa. Kai wa ke zuwa wajenka? Akwai mai shagon kayan babur yana neman auren yarinya. Na ba ka zuwa bayan babbar Sallah ka samo aiki."

Na dawo Sokodé a fusace, ban ko cire takalmi ba na tsaya a kan Mma. Na ce ta jawo mini abin kunya, me ya sa ba ta tambaye ni ba in ba ta gane ba?

"Wa ya ce ban gane ba?" in ji ta. "Ba ni nake share takardun zanenka ba? Amma kullum a gidan suna sai a ce mini, ina ɗanki yake aiki? Me zan ce? Na ce ya karanta ƙasa. Su suka ƙarasa sauran, kuma daga nan babu wadda ta sake tambayata."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma na tausaya mata ƙwarai. Washegari na sake goge rigar nan na tafi makarantar da na raina. Suka ba ni alli da ajin da babu mai so.

Alhaji ya cika alkawari. Ranar da aka kawo amarya, wata tsohuwa ta kama hannun rigata tana raɗa mini zancen zobenta da ya ɓace. Kafin in buɗe baki Mma ta amsa daga bakin murhu, da ƙarfi yadda duk gidan zai ji:

"Ki sake shi. Malamin makaranta ne, gobe ma yana da aji."