Kari Uku da Baba Ya Raba Mana

A gidanmu ko atishawa ka yi, sai wani ya yi maka amshi daga bayan ɗaki. Kakanmu bege yake yi, yabon Annabi, da baki kawai ba kiɗa. Baba ne ya shigo da mandiri, ya kuma shigo da mu, don da ya ga Allah ya ba shi ƴaƴa uku sai ya ce to ga ƴan amshi har gida. Yaya ne babba, muryarsa kamar ana jan buhun gero a kan siminti, amma ita ce ƙasan amshin, a kanta muke zama. Ni ne na tsakiya, siririyar murya da dogon baki. Sai Auta, mace, wadda in ta ɗaga sama tsofaffi ke fara laluben bakin mayafi. Suna, walima, tarbar alhazai, Maulidi, duk Matameye babu zauren da ba a shimfiɗa mana tabarma ba. Har daga Ɗan Barto ana aiko mota.

Baba bai damu da baitoci ba, ya ce yabo na kowa ne. Abin da yake kishi shi ne kari, wato yadda murya ke hawa da sauka. Kowace shekara yakan fito da sabon kari ɗaya na Maulidi. A gona yake samo shi, ya ɓoye kamar ajiyar zinariya, sai saura wata guda ya koya mana a zaure, an tare ƙofa da tabarma.

Wata shekara, ana saura mako biyu, wani direban motar haya ya tsaya ƙofar gidanmu yana zuba wa mota ruwa, yana yin fito da baki. Karinmu ne, cif. Baba ya tambaye shi inda ya ji, ya ce ai sha'iran garin Tsauni ne suka yi shi jiya a wata walima, har suna cewa sabo ne fil.

Baba ya shigo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, irin kallon da ɗan duwan, wato kwastan, ke yi wa buhu a kan iyaka.

Ni dai nan take na gano ɓarawon. Yaya ne. A lokacin yana neman aure a Tsauni, kuma yarinyar ƴar ƙanen shugaban sha'iran can ce. Mutumin da ba fuska, ba moto, da me zai burge surukai in ba da murya ba? Shi ma Yaya nan take ya gano nasa ɓarawon, wai ni ne, don ina zama wajen masu tura waƙa a waya a bakin tasha, kuma an taɓa kama ni ina ɗora kalaman soyayya a kan karin Baba. Sau ɗaya ne. To, sau huɗu. Auta ta ce mu biyun ne. Mu biyun muka ce ita ce, tunda ba ta iya wanke-wanke baki rufe.

"Yaya, jiya da ka je zance, me ka kai musu?" na tambaya muna cin tuwo.

"Gaisuwa."

"Mai baiti nawa?"

"Kai kuma wayarka nawa ta haɗiya? In an matse ta har muryar Kaka sai ta fito."

Haka muka ci shekara guda, kowa na cin tuwo yana kallon maƙogwaron ɗan uwansa.

Da wata shekarar ta kewayo, Baba ya kira ni gona ni kaɗai. Ya waiga gabas, ya waiga yamma, ya rera mini wani kari a kunne, ya ce, "Kai kaɗai na ba. Ko ƴan uwanka kada su ji." Na dawo gida ina tafiya kamar an naɗa ni prefe mai mulkin Matameye. Sai na ga Yaya ma yana irin tafiyar. Washegari Auta ta dawo daga kai abinci gona, ita ma hanci a sama.

Rana ta uku Baba ya tara mu ya fasa ƙwan. Kari uku ne daban-daban, kowa da nasa. "Wallahi tallahi," ya ce, "duk wanda na ji abin da na ba shi a bakin mutanen Tsauni, ba zai ƙara tsayawa bayana ya yi mini amshi ba."

Inna, mahaifiyarmu, ta leƙo daga madafa. "Malam, rantsuwa fa ka yi."

"Na sani."

Dabara ce mai kyau, in da a gidan maƙera aka yi ta. Baba ya manta da abin da shi da kansa ya mayar da mu. Ina wanka ina gunguna nawa can ƙasan maƙoshi, ko guga ba ta ji ba, sai na ji daga bayan katanga Yaya ya sa masa ƙasa. Bai ma san ya yi ba, yana ɗaurin akuya ne. Auta tana tankaɗe ta ɗaga nata, ni kuma bakina ya bi ta kafin hankalina ya iso. Cikin mako guda karin nan uku sun auri juna sun haihu. Dukanmu mun sani, kuma babu wanda ya gaya wa Baba, don kowa na jira a kama ɗan uwansa.

Ni har bin Yaya na yi Tsauni a kan kabu-kabu, na laɓe bayan rumbu, tururuwa na cina, don in kama shi yana rerawa. Awa guda cur yana yi wa yarinyar mutane bayanin zawon akuya. Na dawo na tarar ya sa an buɗe wayata an bi waƙoƙin ciki ɗaya bayan ɗaya.

Saura kwana goma Maulidi Baba ya ji za a yi walima a Tsauni, ya sa hula ya tafi da kansa. Bayan la'asar ya dawo, ya zaunar da mu, ya rera abin da ya jiyo. Kan nawa ne. Tsakiyar ta Yaya ce. Wutsiyar ta Auta.

"Wa ya ɗinke su?"

Muka kalli juna.

"Baba," na ce, "ƙila su ma a gona suka samo."

Takalminsa ya wuce ta gefen kunnena har sai da na ji iskarsa a ɗaya kunnen.

Rantsuwa ta kwashe mu duka uku. Limamin unguwa ya ce ya yi kaffara a huta, Baba ya ce sai bayan Maulidi, shi ba ya mayar da maganarsa a gaban mutanen Tsauni. Ranar Maulidin, da yamma, ya fita fili shi kaɗai da mandirinsa. Ya ba da baiti, ya dakata inda amshi ke shigowa, babu kowa. Sai ya ja numfashi ya yi wa kansa. Mu uku muna cikin taro, ni na cusa hula a baki don kada amshin ya kuɓuce. Kafin baiti na biyar numfashinsa ya fara yankewa, Auta ta juya ta koma gida tana kuka. Yaya bai motsa ba, yana kallon Baba, ni ina kallon Yaya.

Bayan kwana biyu Inna ta ɗora babbar tukunya aka ciyar da mutum goma. Baba ya ce to an warware, kowa ya koma wurinsa. Ni da Auta har mun miƙe. Yaya yana zaune.

"Baba, rantsuwa ta warware. Zargin fa?"

"Ban ce kai ne ba."

"Ba ka ce ba ni ba ne. Ka faɗa a gabansu, in tashi."

Baba ya daɗe yana shafa fatar mandiri. Mutum ne da bai iya faɗin abin da bai tabbatar ba, ko don a zauna lafiya. Ni kuwa da ke da bakin da zai cika kasuwa, da na ce "haba Baba, ba shi ba ne," da ƙila ya wadatar. Ban ce ba, don har ga Allah ina ganin shi ne.

Yaya bai ƙara tsayawa bayan Baba ba. Ya auri yarinyar, ya koma Damagaram, ya sayi fiyano, yanzu waƙar amarya da ango yake yi a gidajen biki, kuma ba laifi, ana kiransa. Mu mun ci gaba mu uku. Mun gwada ƴan uwa biyar a gurbinsa, kowanne sai Baba ya saurara ya ce ya gode, ya gaida gida. Yanzu da tsufa ya zaunar da Baba, ni ke ba da baiti, Auta da ƴaƴanta na amsawa, duk muryoyi a sama, ba ƙasa.

Da sallar da ta wuce Yaya ya zo, na ja shi gefe na ce, "Tsakaninka da Allah, kai ne?" Ya ce shi ma tambayar da ya biyo hanya da ita ke nan. Na ce to ko waye, ka zo ka sa mana ƙasa a Maulidin bana. Ya ce in Baba ya faɗa. Na shiga na gaya wa Baba, ya ce har yanzu yana bincike.