Kujerar Yaya Bawa

Shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana Bawa, kuma rediyo ne ya fama mini mikin. Ina zaune a ƙofar gida nan Talatar Mafara na ji wani kamfanin jiragen sama yana bayanin yadda watan jiya ya kasance musu: fasinja ya ragu, jirage na tashi da kujeru wayam, abin da kujera ke kawowa bai taka kara ya karya ba. Na ce ikon Allah, ashe kujerar jirgi ma takan rasa mai zama! Ko me Yaya zai ce, shi da ya bar duniya yana neman guda ɗaya tak?

Manomi ne a ƙasar Maradun. Da aka datse gulbi a Bakolori, ruwa ya shanye fadamar da muka gada. Diyyar da aka ba shi ba ta isa sayen wata ba, sai ya ce tunda gonar duniya ta tafi, bari ya je Makka ya yi noman lahira. Ya damƙa komai a hannun amininsa Labbo, mai nema wa maniyyata kujera. Labbo fa, wanda suke shan fura da ludayi ɗaya!

A wajenmu maniyyaci kan bi gida-gida neman gafara kafin ya tashi. Ni na raka shi, har Bakura wurin dangin uwarmu. A zauren Labbo, bayan doguwar gaisuwa, Yaya ya ce, "Tahiya ta zo, ka yahe mani." Labbo ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba ka yi mani komi ba. Ni dai ka yahe mani, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba." Yaya ya ce, "Na yahe, duniya da lahira."

A filin jirgin Sakkwato aka yi ta kiran sunaye, babu nasa. Wai an sayar da kujeru fiye da abin da jirgi ke ɗauka, a jira na gaba. Muka jira har na ƙarshe. Da idona na ga Labbo riƙe da jakar wani ɗan kwangilar madatsar, yana raka shi bakin jirgi. Wani ma'aikaci ya raɗa mana cewa tun kafin mu baro gida aka juyar da kujerar Yaya ga wanda ya fi tsoka. Ashe ranar da Labbo ke neman yafiya ya riga ya gama aikinsa. Tabbas, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma namu bangon aminci ne ya tsaga shi.

Muka dawo ga mutanen da suka fara kiransa Alhaji. Na ce mu kai ƙara gun alƙali, ya ƙi. Cewa ya yi, "Na riga na yahe gaban Allah, ba ni lashe amaina." Bai ƙara damina uku ba. Da haramin da ya saya muka yi masa sutura.

Yau masu jirgi suna lissafin kujerun da suka tashi babu kowa. Babu mai lissafa waɗanda aka bari a ƙasa. Yaya bai bar gona ba, bai bar sunan Alhaji ba, magana ɗaya ya bari wadda ya furta bai janye ba, har jikoki suna kafa misali da ita. Allah Ya ba shi ladar hajjin da aka hana shi. Amma ni, ranar nan a zauren Labbo ba wanda ya nemi yafiyata, kuma har yanzu ban bayar ba.