Ɗan Kwangilar Bayan Gidan Malam Ila

Shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Ila makwancinsa a nan garin Greensboro, Allah Ya jiƙansa da rahama. Tare muka yi haya a unguwar Glenwood muna ɗaliban jami'a, tukunyarmu ɗaya, kuma ban taɓa zama da mutum mai zargi irinsa ba. Ko rangwame ya gani a kanti, sai ya yi ta jujjuya kayan yana neman inda aka ɓoye cutar. Na sha yi masa tsiya a kan wannan hali. Bana kuwa ni ne nake cewa ina ma yana nan.

Da ya samu aiki, ya sayi ɗan gida a gefen unguwar Sedgefield, da rafi a bayansa. A rafin nan ya haɗu da dabbar da Turawa ke kira biba. Ta yi kama da gafiya amma ta fi ta girma nesa ba kusa ba, da wutsiya mai faɗi da haƙora kamar gizago. Aikinta sare bishiyoyi ta datse ruwa da su. Hausa ba ta da sunanta, sai Malam Ila ya raɗa mata Ɗan Kwangila.

Sunan yana da dalili. A ƙauyensu, tun yana yaro ake yi musu alkawarin madatsar ruwa. Duk zaɓe sai an zo an kafa allo an ɗauki hoto, allon ya yi tsatsa, mata su ci gaba da tonon rairayi suna neman na sha. Ranar da ya ga dabba ta gama madatsa cikin 'yan makonni, ba kaso, ba bikin buɗewa, dariya ya yi har da hawaye. Maƙwabta suka ce a kira masu tarko a kashe, ya ce ba da shi ba. Ya naɗe gindin bishiyoyinsa da ragar waya. Duk Asabar sai ya shiga da manjagara ya buɗe wa ruwa hanya, kafin wata Asabar an toshe. Ni na ga wahala, shi ya ga abokin hira.

Yanzu babu mai shiga da manjagara. Matarsa, Hajiya Rakiya, gwiwa ta hana ta. Ruwa ya cinye inda take shuka yakuwa, ya fara lasar gindin gini, ɗakin ƙasa kullum warin danshi. 'Ya'yan suna wasu jihohi, kowa ya bugo waya maganarsa ɗaya ce, ta sayar ta dawo wurinsa. Ita kuwa ta ce daga gidan nan sai kabari.

Ana cikin haka muka ji wai gwamnati ta ware kuɗi don a magance ɓarnar dabbar ba tare da an kashe ta ba. A zura bututu ta cikin madatsar, ruwa ya riƙa wucewa, a kewaye bishiyoyi da waya. Kusan abin da marigayi yake yi da hannunsa ke nan, ya kamata in yi murna. Amma da na karanta sai na ji muryarsa a kunnena: to, wa aka ba kwangilar? Dabbar nan ta daɗe tana sarar bishiya, me ya sa tausayinta bai motsa ba sai da filayen unguwar suka yi tsada? Kuma idan aka fara rabo, masu manyan gidaje irin na unguwar Irving Park ai sun fi gwauruwa mai ciwon gwiwa sanin ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Ba ni da hujja, kada a ce na ce an ci. Mai yiwuwa tsarin na gaskiya ne. Zuciyata ce dai ta ƙi kwanciya.

Watan jiya Hajiya ta kira ni. "Malam Habu, zo ka tsaya min. Wani ya ce zai zo duba rafi, wai firogiram ɗin gwamnati ne."

Mutumin ya zo da farar mota da fara'a. Na lura takalminsa ko laka bai taɓa ba. Daga nesa ya leƙa rafin, sannan ya juyo yana ƙare wa gidan kallo: yaushe aka sake rufi, ɗaki nawa ne, ita kaɗai take zaune? Can ya sassauta murya ya ce kuɗin gwamnati kan daɗe bai fito ba, ruwa kuwa ba ya jira, amma ya san wani mai sayen gida a yadda yake.

Raina ya ɓaci, na buɗe baki ke nan Hajiya ta riga ni. Ta nuna madatsar da sandarta. "Faɗa masa, Malam Habu, da irin Turancinku. Wancan ɗan kwangilar na ga aikinsa, ga shi nan ya hana ni barci. Shi kuma mutumin nan ya kai ni inda ya taɓa sa bututu ko ɗaya in gani da idona."

Ya ce zai bugo waya. Har yau bai bugo ba.

Ban san ko kuɗin zai iso gidan nan kafin ruwa ya gama da shi ba, kuma abin yana damuna ƙwarai. Malam Ila bai bar dukiya ba, ragar wayarsa ma ta fara tsatsa. Abin da ya bari shi ne wannan tambaya tasa ta ina aka ɓoye cutar, wadda na yi shekaru ina yi wa dariya, ga shi ita ta tsare wa matarsa gida. Asabar da ta wuce na je da takalmin roba. Manjagarar tana nan inda ya jingine ta.