Kocin da Ba Mu Sallama Ba

Har yau in na tuna abin da muka yi wa Koci, raina ɓaci yake. Mu fa, garada ashirin da wani abu, masu gemu da iyali, aka rasa mai bakin faɗa wa tsoho ɗaya gaskiya.

Ni na kawo shi. A asibitin gashin ƙashi da nake aiki a Greensboro ta Amurka muka haɗu, yana zuwa saboda gwiwarsa. Ɗan Japan ne, gajere, kansa fari fat, yana zaune wurin 'yarsa a Pleasant Garden. Da hira ta yi hira na ji ashe ɗan wasan tsakiya ne a wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa a ƙasarsu, gwiwar nan ce ta raba shi da wasa, ya koma horarwa har ya tsufa a kai. Mu kuwa muna da ƙungiyarmu ta ranar Asabar, 'yan Najeriya da 'yan Nijar, ni ne gola, kuma ba mu da sana'a sai shan kashi. Na roƙe shi ya taimake mu. Ya ce to, amma ƙarfe bakwai na safe, a filin makarantar da ke kusa da gidansu.

Bakwai ɗinsa bakwai ce. Kafin mu iso ya jera robobin atisaye, ya hura ƙwallaye. Yakan tsaya a bakin layi ya rusuna wa filin kafin ya taka shi, mu muna ƙunshe dariya. Wanda ya makara zai zaga fili sau biyar, wanda ya yar da gorar ruwa zai koma ya ɗauka. Mun yi guna-guni, amma cikin wata uku muka fara ci. Ni da ake wa kirari da rariya, na yi wasa biyu ba a zura min ko ɗaya ba.

Sai ranar da Baba ya makara. Baba dattijon cocinmu ne, shi ya kafa ƙungiyar, ya haura hamsin amma lamba tara tasa ce, ba mai taɓa ta. Ya iso bakwai da rabi yana gaishe-gaishe. Koci ya nuna masa fili da yatsa biyar. Baba ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Koci ya ce to benci. A gaban yara sa'annin 'ya'yansa, Baba ya zauna a benci har aka tashi.

Washegari aka kira taro. Ban taɓa ganin 'yan coci da 'yan masallaci sun haɗa baki da sauri haka ba. Alhajin 'yan Nijar ya ce wannan cin fuska ne, ko a Maraɗi ba a sa babba gudu. Aka yanke a koma wani fili a Summerfield, ba Koci. Na ce to wa zai gaya masa? Baba ya ce, "Ɗana, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Amma ba sai ka faɗa masa gatsau ba, dattijo ne, da kunya. In ya ga shiru zai gane."

Kunya wai! Tsoro ne tsagwaronsa muka sa wa rigar kunya. Kuma ba na cire kaina, don ni na fi kowa lalacewa. Asabar uku ina tuƙi zuwa Summerfield, ina tare ƙwallo, ina ce wa kaina gobe zan kira shi. Ranar da zai zo gashin gwiwa a asibiti na canja aiki da wata abokiyar aikina don kada mu haɗu.

Asabar ta huɗu na kasa. Na juya mota na nufi Pleasant Garden. Tun daga titi na hango robobin a jere, ƙwallaye a buhu, shi kaɗai a tsaye da usur a wuya, yana dafe da gwiwa.

Na fara kame-kame, wai aiki ya yi wa mutane yawa. Ya ɗaga hannu. Ya ce 'yarsa ta ga hotunanmu a sabon filin tun makon farko.

Na ce, "To Koci, me ya sa kake ta zuwa?"

Ya ce, "Ba wanda ya sallame ni. Sau biyu aka kore ni a Japan, kuma duka biyun mutum ya zo ya tsaya a gabana ya faɗa. An aiko ka ne?"

Na ce e.

"To faɗi."

Wallahi na gwammace a mare ni. Na tsaya kamar ɗan firamare na ce, "Koci, ƙungiya ta ce ba ta bukatarka kuma." Ya rusuna min, ya ce ya gode da na zo. Ya juya ya rusuna wa filin. Na sunkuya zan taya shi kwashe robobin, ya ce a'a, aikinsa ne. Haka na tsaya ina kallonsa yana ɗingishi yana tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Ban sake sa safar gola ba. Na gaya wa Baba dalili a gaban kowa, aka ce na yi rashin kunya, na ce gara haka. Amma abin da ke ƙona min rai shi ne, kwanan baya a wajen wani suna na ji wani baƙo yana tambayar ina ɗan Japan ɗin nan da ya horar da mu. Baba ya kurɓi lemo, ko gezau, ya ce, "Ai shi ya daina zuwa."