Malamar da Ta Tare Ƙofa

Ranar Lahadi, tara ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, aka kashe ki a ƙofar ajin yara da ke bayan coci. Malama, ni ce uwar wanda suka zo nema.

Shekara goma sha ɗaya kina koya wa yaranmu yadda za su ba wasu labarin Yesu. Kwana shida kina kan keken ɗinki, ranar Lahadi ki ɗauki alli. Kikan ce musu, "Ban da gardama, ban da zagin addinin kowa. Ku faɗi abin da Yesu ya yi muku, ku tsaya nan."

Autata, 'yar shekara tara, ta kai wa yayanta wannan magana. A lokacin yana cikin 'yan daba, ba ya rabuwa da wuƙa a ƙugu. Da ta ce masa, "Yaya, Yesu yana ƙaunarka," sai ya kwaɗa mata marin da ya fasa mata leɓe. Ke kika wanke mata bakin, kika hana ta sake tunkararsa ita kaɗai, kika zo gidanmu da ƙafarki. Ya zage ki tas. Kika dawo. Bayan wata huɗu ya shiga shagonki, ya ajiye wuƙar a kan teburin yankan yadi, yana kuka.

Abokansa suka aiko masa cewa ba a fita daga cikinsu da rai.

A ranar Lahadin nan su uku suka zo, kowanne da adda. Ɗana na zaune a bencin baya, ƙato a cikin yara talatin, yana koyon ayar haddacewa. Kika tura shi ta taga, kika ce yara su kwanta ƙarƙashin benci, kika riƙe ƙofa da hannu biyu.

"Matsa, tsohuwa!"

"Akwai yara a ciki. Ba za ku shiga ba."

Saran farko ya raba miki dantse, ba ki saki ba. Na biyu a kafaɗa. Na uku a wuya. Kafin maza su fito daga coci da gudu, maharan sun tsallake katanga. Jininki ya fallatsa har kan allo, amma ko ƙwarzane babu yaron da ya samu.

Fasto ya ce mu gafarta. Gaskiya ban kai nan ba tukuna. Ina roƙon Ubangiji ya kai ni.

Ranar jana'iza ɗana ya ɓuya a bayan mutane don kunya. Maigidanki ya ratsa taro, ya kamo hannunsa, ya nuna masa akwatin gawarki, ya ce, "Zo ka ɗauki uwarka."

Baba, ban san da wane baki zan yi maka ta'aziyya ba, kai da 'ya'yanku mata biyu da jikoki. Allah na dukan ta'aziyya ya riƙe ku. Malama, Ubangiji Yesu ya yi miki jinƙai, ya karɓe ki cikin hutunsa, ya warkar da zukatan yaran da suka ga abin da suka gani. Amin.