Inna mai gyaɗa da kwando na tara

Kwanduna tara kafilina, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, ya sa na kakkafa a lambun unguwar Sharafiyya, don wasan yini ɗaya da ake jefa faifan roba cikin kwandon ƙarfe. Baƙinsa suka zo jifan ƙarshe, babu kwando na tara. Na bazama nema, don iƙamata, takardar izinin zamana, a hannun kafili take.

Can bakin ƙofa na hango kwandon gaban wata Inna mai gyaɗa, ta jera hajarta a ciki.

"Inna, na wasa ne fa!"

"Wasa? Gemai-gemai da ku? Ni maguna suka dame ni, a nan ba sa kai wa ga hajata."

Kafili ya iso, na sunkuyar da kai. Sai ya tuntsire da dariya: "Halas, shi ke nan, a bar mata."

Sai lokacin numfashina ya dawo. Ku da kuka san halin kafilai, kun taɓa ganin haka?