Makullin Ɗakin Bincike

Duk makarantar ba wanda yake kiranta da sunan yanka. Ɗalibai da malamai, har mai gadi, Malama Wa-ya-ce suka sani. Ka zo mata da labari da zafinsa, sai ta zare tabarau ta dube ka ta ce, "Wa ya ce? Yaushe ya ce? A ina?" Mijinta, wani tela mai son tsokana, yakan ce ko gaya mata ya yi gari ya waye, sai ta ɗaga labule ta tabbatar.

Ba da wannan hali aka haife ta ba. Mahaifinta jarida yake sayarwa a bakin tasha, ita kuwa ta tashi tana karance waɗanda suka yi kwantai. Da ta gama sakandare ranta ya kwanta da aikin safiyo, masu awon filaye. Kawunta, wanda ba a yi wa musu a dangi, ya ce, "An ce ba sa ɗaukar mata." Shi ke nan magana ta mutu, ta tafi kwalejin malanta. Bayan shekara goma sha biyu, tana shanya a bayan gida, sai ga wata da suka yi aji ɗaya, da hular kwano a ka, tana leƙa na'urar awo mai ƙafa uku. Ashe tun a waccan shekarar ana ɗaukar mata. Ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta. Kawun ba da mugunta ya yi ba, ji ya yi ya faɗa, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai.

Tana shekara ta goma sha tara da riƙe laburaren makarantar aka kawo kwamfuta shida, aka jera su a ɗakin ƙurya, aka haɗa su da wani rumbun bincike. A cikinsa akwai jaridu tsofaffi da sababbi, da bayanan makarantun gaba, da abin da kowace sana'a take buƙata, har da fom na neman shiga. Matasan malamai suka leƙa sau ɗaya suka watse. Ita da ta haura hamsin ta zauna tana dannawa da yatsa biyu har ta iya. Sai ta kafa doka: kowane mako ɗalibi ya kawo labari ɗaya da ya gani a wayar gidansu, a zauna a bi sawunsa har inda ya fito. Maganin da ke warkar da komai, kamfanin da ke neman ma'aikata dubu ba jarrabawa, duk a ɗakin nan asirinsu yake tonuwa.

Wata Litinin firinsifal ya tsaya a gaban taron safe da waya a hannu, ya karanta wani saƙo da surukinsa ya turo masa: an soke kwas ɗin gwaje-gwajen asibiti, kada kowa ya ɓata fom ɗinsa. 'Yan ajin ƙarshe goma sha ɗaya ne suka sa rai da wannan kwas, kuma ranar Juma'a da ƙarfe huɗu za a rufe karɓar fom.

Washegari wata ɗaliba ta ɗaga hannu a ɗakin bincike, tana magana ciki-ciki. "Malama, wannan na firinsifal ma ana iya bincikawa?"

Malama ta san inda maganar za ta kai. Ta ce, "Labari labari ne. Zauna ki danna."

Ko minti ashirin ba a yi ba. Labarin na wata ƙasa ne can daban, shekararsa takwas, kuma kwaleji ɗaya ce tak ta dakatar da kwas ɗin saboda gyaran gini. Huɗu daga cikin yaran suka cike fom nan take kafin a kaɗa ƙararrawa. Kafin a tashi, magana ta gama makaranta, har ana ƙus-ƙus ana dariya in firinsifal ya wuce.

Shi kuwa ba mugun mutum ba ne, amma ya ƙi jinin a yi masa dariya. Ranar Laraba ya kira ta ofis.

"Malama, kin tsinka ni a gaban yara."

"Ranka ya daɗe, ba ni na rubuta kwanan watan ba."

"Gobe ki tsaya a taron safe ki ce na'ura ce ta yi kuskure. Daga baya a hankali sai a gyara."

"Daga baya an rufe fom."

"To, ajiye makullin ɗakin nan a kan tebur. Ran da kika faɗa, ki zo ki ɗauka."

Ta kwance shi daga jikin jakarta ta ajiye. Ta ce, "Ƙarya dai ba zan yi wa 'ya'yan mutane ba."

Saura yara bakwai, ga shi fom ɗin ba ya buɗewa sai a kwamfutocin da aka yi wa makarantar rajista. Malamai suka yi ta zuwa ba ta baki. Malamin lissafi ya ce, "Haba Malama, durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne. Ki faɗi abin da yake so, ki karɓi makulli, yara su cike abinsu." Ta juya maganar a ranta sosai, don tsoro take ji kada taurin kanta ya jawo wa yaran asara. Amma in ta tsaya gaban makaranta ta ce na'ura ta yi kuskure, wane uba ne zai sa hannu ɗansa ya nemi kwas ɗin da aka ce an soke? Kuma wane yaro ne zai sake yarda da abin da ya gani da idonsa a ɗakin?

Sai ta jawo benci ta ajiye a bakin ƙofar da aka kulle, ta zauna. Duk lokacin hutu yaran bakwai su zo su zauna kusa da ita, kowa da hotonsa da takardar sa hannun iyaye a cikin ambulan. Ba wanda ya yi hayaniya. Firinsifal ya wuce sau uku ranar Alhamis, ya yi kamar bai gan su ba. Da yamma magatakardan makaranta ya raɗa mata cewa an rubuta takardar neman a canza mata wurin aiki. Ta ce ta ji.

Ranar Juma'a da ƙarfe biyu da rabi suna nan zaune, wata daga cikin yaran ta fara share hawaye da gefen mayafi. Sai ga firinsifal ya taho shi kaɗai, ya tsaya nesa kaɗan ya yafito Malama. Ya rage murya.

"Wannan fom ɗin, da gaske har ƙarfe huɗu ne?"

"Har ƙarfe huɗu, ranka ya daɗe."

Ya dubi takalminsa. "'Yata ce, wadda ta gama nan bara. Kwas ɗin nan take so tun tana ƙarama. Kwana huɗu ke nan ba ta cin abinci, uwarta ma ta daina yi mini magana. Tana cikin mota a bakin ƙofa."

Malama ta ji tausayinsa, ta kuma ji haushinsa, duk a lokaci guda. Ta ce, "A shigo da ita. Amma waɗannan sun riga ta zuwa, ita ce ta takwas."

"Na yarda." Ya sa hannu a aljihu, sannan ya tsaya. "Sai dai takardar canjin wurin aikinki ta riga ta tafi tun jiya. Ba zan iya dawo da ita ba."

Ta dubi ƙofar ɗakin da ta yi shekaru tana buɗewa kowace safiya. Sannan ta dubi agogon hannunta.

"Na sani," ta ce. "Buɗe, ranka ya daɗe. Kwamfuta shida ce, yara takwas, saura awa ɗaya da rabi."